Jakar barci ta gashin agwagwa don kwanan sanyi: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Akwai tambayoyin da na amsa ya fi sau ashirin, gobe kuma wani ya sake kawo su. Ga su nan wuri guda. Maganata a kan mai tafiyar ƙasa ce, wanda kayansa ke goye a bayansa, dare ya yi ya kafa tanti a inda sanyi ke sauka ƙasa da sifili. Wanda mota za ta kai shi har bakin tanti ya ɗebi barguna ya huta.

Wace jaka ce ta fi ba da ɗumi?

Babu jakar da ke ba da ɗumi. Jikinka ne murhun, ita aikinta ta tsare zafin kada ya gudu. Ka shige ta da yunwa da jiƙaƙƙen safa, ko nawa ka saye ta sai ka kwana kana karkarwa.

Gashin tsuntsu ko audugar roba?

In a baya za ka goya, kuma sanyin na gaske ne, gashi. Ina nufin lallausan gashin nan mai kama da hayaƙi da ke kwance ƙarƙashin fuka-fukan ƙirjin agwagwa da dinya, ba mai tsinke ba. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi matsuwa a jaka, ya fi daɗewa. Aibinsa ɗaya ne kuma babba: in ya jiƙe sai ya dunƙule ya daina aiki. Audugar roba ta fi shi jure laima, ta fi araha, amma nauyi da girma.

Na agwagwa ko na dinya?

Kada wannan ya hana ka barci. In lambar kumburarsu ɗaya ce, ɗuminsu ɗaya. Mafi yawan masu lamba ta can sama na dinya ne, shi ke nan.

To mece ce lambar nan, 650 ko 800?

Ƙarfin kumbura ne. Ana auna oza ɗaya na gashin, wato kusan giram 28, a zuba a cikin wani bututu a ga yawan wurin da ya cika. In ya cika kubik inci 800, wato awon girman ciki, lambarsa 800. Abin da nake ta faɗa ba ku ji shi ne, wannan lambar ingancin gashin take nunawa, ba ɗumin jakar ba. Sai ka haɗa ta da nauyin gashin da aka zuba. Giram 600 na mai lamba 800 da giram 800 na mai lamba 600 kumburarsu kusan ɗaya ce. Bambancin kawai giram 200 da kafaɗarka za ta ɗauka, da kuɗin da aljihunka zai fitar. Jaka mai lamba 900 da aka yayyafa mata ɗan gashi kaɗan jakar lokacin zafi ce. Kamfanin da ya rubuta lambar kumbura da manyan baƙaƙe amma ya ɓoye nauyin gashin, ni ba na sayen kayansa.

Shimfiɗa fa, ba kowace ce za ta yi ba?

A nan ne raina ke ɓaci. Mutum ya zuba kuɗinsa duka a jaka, ya shimfiɗa 'yar siririyar tabarmar soso a kan ƙanƙara, gari ya waye ya ce an cuce shi. Ba wanda ya cuce ka, malam. Gashin da ka danne da bayanka ya mutu, babu iska a cikinsa, don haka babu abin da yake tsarewa. Tsakaninka da ƙasa shimfiɗa ce kaɗai. Ita ma tana da lambarta mai nuna ƙarfinta na tare sanyin ƙasa, ana ce mata R, kuma manyan kamfanoni yanzu da ma'auni ɗaya suke auna ta, ASTM F3340. Don kwana a kan ƙanƙara nemi R 5 ko sama. Lambobin suna haɗuwa: soso mai R 2 a ƙasa, katifar iska mai R 3 a kansa, ka sami 5, kuma in katifar ta huje cikin dare ba ka rasa komai da komai ba.

An rubuta -7 a jikin jakar, inda zan je ma -7 aka yi hasashe. Ta ishe ni?

Wannan ce tambayar da ba ta da amsa guda, kuma duk wanda ya ce maka "e" kai tsaye ban yarda da shi ba. Zauna mu bi ta a hankali.

Da farko duba ma'aunin. Jakunkunan Amurka da Farenhait suke rubutu. Mai 20 a wurinsu kusan -7 ce a Salshiyos, mai 0 kuma kusan -18. Na ga wanda ya rikita su.

Sannan -7 ɗin wacce ce daga cikin uku? Gwajin da aka sani, wanda Turai ta fara da sunan EN 13537 kafin ya koma ISO 23537 a 2016, da mutum-mutumi ake yin sa. Ana ɗumama shi da lantarki, a sa masa riga da wando na ciki, a kwantar da shi a jakar bisa shimfiɗa mai kyau a ɗaki mai sanyi, a auna zafin da ke zurarewa. Daga nan sai a fitar da lambobi uku. Ta farko, ta jin daɗi, ita ce inda matsakaiciyar mace za ta yi barci a miƙe ba ta ji sanyi ba. Ta biyu, ta iyaka, ita ce inda matsakaicin namiji zai iya barci a dunƙule, gwiwa a ƙirji. Ta uku, ta matsananci, ba lambar barci ba ce sam, ma'anarta mace za ta iya kai awa shida da rai, tana kakkarwa, kuma sanyi na iya yi mata illa. Don Allah ku daina kallon ta ukun nan. Lambar da ake bugawa a sunan jaka sau da yawa ta iyaka ce, kuma tsakaninta da ta jin daɗi akan sami digiri 5 ko 6. Ke nan jakarka mai -7 wataƙila daɗinta ya tsaya ne a wajen -1.

Kuma mutum-mutumi ba ya gajiya. Bai yi wuni yana hawan dutse ba, ba ya kwana da yunwa, ba ya juyi ya buɗe wuyan jaka iska ta shiga. Kai kuwa duk kana yi. Na taɓa kwana a -6 cikin jakar da iyakarta -7 ce, na yi barci har da minshari, domin na ci abinci mai maiƙo da zafi kafin in kwanta. Wata tafiyar, jakar nan dai, sanyin bai ma kai haka ba, na iso a gajiye na kasa cin komai. Ƙarfe uku na dare na farka yatsun ƙafata kamar ba nawa ba, na sa duk rigar da nake da ita, na zauna rungume da gwiwa ina jiran gari ya waye. Jakar ba ta canza ba.

Akwai kuma shi kansa hasashen. Na gari ne ko na kan dutsen? Duk hawan mita 1,000 sanyi kan ƙaru da kusan digiri 6. Kwari kuma, musamman kusa da ruwa, yakan tara sanyi a daren da sama ta yi garau babu iska, har ya fi gangaren da ke samansa.

To abin da nake yi, kuma ba doka ba ce: ina ɗaukar mafi munin sanyin da wurin kan yi a wannan watan, ba matsakaici ba, in nemi jakar da lambar jin daɗinta ta kai can. In kai mai jin sanyi ne, ko ba ka da jiki, ko shekaru sun ja, ƙara digiri 5 a kai. In ka san kanka da zafin jiki, kana da rigar gashi mai kauri da za ka kwana da ita, shimfiɗarka kuma ta kai, kana iya dogara da lambar iyaka ka rage nauyi, amma sai ka gwada ka gani. Mata, ku bi ta jin daɗi, kada mai sayarwa ya ruɗe ku. Jakunkunan da suka wuce -20 kuwa gwajin bai shafe su ba, lambar da ke kansu maganar kamfani ce, sai ka koma ga nauyin gashi da kaurin kumburar. Ita -7 ɗinka, in ta iyaka ce kuma wannan ne kwanan sanyinka na farko, a ganina ba ta isa ba.

In sayi babba don in sake?

A'a. Duk wurin da ya rage fanko jikinka ne zai ɗumama shi. Matsattsiya ma ba ta yi ba, kafaɗa da gwiwa za su danne gashin. Shiga cikinta sanye da kayan da za ka kwana da su, ja zif har sama, ka juya hagu da dama. A bar ɗan wuri a ƙasan ƙafa na gorar ruwa da batir.

Me zan duba a ɗinkin?

Ɗaga ta ga haske. In ɗinkin ya haɗe yadin waje da na ciki kai tsaye, kowane layi ƙofar sanyi ce, ajiye ta. Ta sanyi tana da bango tsakanin yadin biyu, gashin na zaune a ɗakuna. Sai abu uku: hula mai zariya da ke tsukewa har sai hanci da baki kawai suka rage, matashi mai zagaye wuya, da wani dogo da ke kwance bayan zif. In babu na wuyan nan, kowane juyi ka yi zafinka ke fita kamar daga zuga-zugi.

Zan iya cusa fuskata ciki in sanyi ya yi yawa?

Kada ka kuskura. Numfashinka ruwa ne, cikin gashin zai sauka. Sa hula da mayafin wuya, bar baki a waje.

Na ji an ce akwai gashin da ruwa ba ya kama shi?

Akwai wanda aka shafa wa sinadari, yana jinkirin jiƙewa, yana saurin bushewa. Yana taimako, amma ba ya hana jiƙa. Kuma ruwan sama ba shi ne abin tsoro ba, wannan leda mai kauri cikin jakar baya ta gama da shi. Abin tsoro gumin jikinka ne, wanda ke tashi ko ba ka ji ba, ya ratsa gashin, ya tarar da sanyi kusa da yadin waje ya daskare a nan. Dare ɗaya ko biyu ba komai. Dare biyar a jere babu rana, za ka ga jakar ta kwanta ta yi nauyi. A 1911 mutum uku daga tawagar Kyaftin Scott, ɗan Birtaniya mai binciken ƙarshen kudancin duniya, wato Wilson da Bowers da Cherry-Garrard, suka yi tafiyar hunturu a Antaktika neman ƙwan tsuntsun fenguwin. Jakunkunansu na fatar barewar ƙanƙara suka sha gumi suka daskare kamar katako, kullum dare sai sun yi fama kafin su kutsa ciki. Maganinsa a yau: da ka tashi, matse iskar ɗumin ta fita tun kafin ta huce, in rana ta leƙo ka shanya jakar ko na minti ashirin ne. Doguwar tafiya cikin sanyi mai tsanani kuma a sa 'yar jakar ciki da tururi ba ya ratsawa. Babu daɗi, jiki na yin danshi, amma gashin na zama a bushe.

Kuɗina bai kai na mai lamba 850 ba. In haƙura da tafiyar?

Haba, ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Mai lamba 650 da aka cika da gashi sosai za ta kwanar da kai lafiya lau, nauyi kawai za ka ɗan ƙara. Kana kuma iya shimfiɗa bargon tafiya na audugar roba a kan jakar da kake da ita, ya ƙara ɗumi, laimar ma ta tsaya a cikinsa. Inda ban yarda a yi tsimi ba shi ne shimfiɗa.

Ba a azabtar da tsuntsayen?

Wasu wuraren ana fige su da rai, kuma abin ƙyama ne. Nemi alamar RDS, wadda ta hana figar mai rai da ɗura abinci da ƙarfi.

Yaya zan ajiye ta, yaya zan wanke?

Kada ka bar ta a matse cikin ƙaramar jakarta wata da watanni, gashin zai karye. Babban buhun yadi, ko a rataye, a wuri busasshe. Wanki sai ta yi datti da gaske, da sabulun gashi na musamman, ba garin wanki ba. A busar da zafi kaɗan tare da ƙwallayen tanis biyu ko uku su wargaza dunƙulen, kuma zai ci awanni. In ka taɓa ka ji ko ɗan ƙulli ɗaya, ba ta bushe ba, mayar da ita.

Na saya, jibi zan tafi. Akwai sauran abu?

Akwai, kuma ka makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan ka kwana cikinta a waje, kusa da inda za ka iya komawa ɗaki, a kan shimfiɗar da za ka tafi da ita. Koyi jan zariyar hula cikin duhu, ka gano inda zif ke cije yadi. Ranar tafiya, da ka kafa tanti ka zazzage ta ka bar ta ta kumbura rabin awa. Ci abinci, yi fitsari, canza safa zuwa busasshe wanda ba ka yi tafiya da shi ba, zuba ruwan zafi a gora mai murfin kirki ka sa ta cikin safa tsakanin cinyoyinka, sannan ka ja zif.