Ma'anar "Maƙerin Fada" a Jamus ta Dā: Misalin Dinglinger

Mai karanta bayanin gidajen kayan tarihi na Jamus yakan ci karo da kalmar Hofgoldschmied. Kalmomi uku ne aka ɗinke: Hof fada, Gold zinariya, Schmied maƙeri. Wato maƙerin zinariya na fada. A ƙasar Hausa mun raba maƙera biyu, maƙeran baƙi masu ƙarfe da maƙeran fari masu azurfa da zinariya da tagulla. Wannan na sahun farin ne. Sai dai ba Sarkin Maƙera ba ne, don ba shugabancin 'yan sana'a aka ba shi ba. Takardar naɗi ce ta cewa shi ke yi wa sarki aiki, kuma sau da yawa takan sassauta masa dokokin ƙungiyar maƙeran gari, irin wadda ta ƙayyade yawan yaran da mutum zai ɗauka.

Wanda ya fi fito da ma'anar muƙamin shi ne Johann Melchior Dinglinger. An haife shi a Biberach a 1664, ya koyi ƙira a Ulm, ya sauka Dresden, babban birnin Saksoni, a 1692. A 1698 Augustus Mai Ƙarfi, mai mulkin Saksoni kuma sarkin Folan, ya naɗa shi mai ƙera kayan adon fada. Ba shi kaɗai yake aiki ba. Ƙanensa Georg Friedrich ne gwanin shafen gilas, ɗayan ƙanen, Georg Christoph, shi ke dasa duwatsu.

Abin da mutane ba su cika fahimta ba shi ne, maƙerin fada ba ɗan albashi ne mai zaman jiran umarni ba, ɗan kasuwa ne mai kasada da jarinsa. Babban aikin Dinglinger, 'yar ƙaramar siffar fadar Dalhi ranar bikin haihuwar Sarki Aurangzeb na Indiya, ba wanda ya sa shi. Daga 1701 zuwa 1708 yana zuba zinariya da duwatsu da ladan ma'aikata, shi da bai taɓa taka Indiya ba, daga littattafan matafiya ya haɗa siffar fadar. Faɗin dandalin bai kai mita ɗaya da rabi ba, amma yana ɗauke da 'yan mutum-mutumi 132 da daimon fiye da 5,000, ban da jan yakutu da zumurrudu. Kuɗinsa tala 58,485, tala kuwa kuɗin azurfa ne na Jamus a lokacin. Augustus ya saya, amma yaƙi da Suwidin ya riga ya tatse baitulmali, sai da aka yi shekaru ana biya kaɗan-kaɗan.

Wahalar aikin tana wajen shafen gilas, wanda Turawa ke kira inamel. Irin ƙyallin jikin langa da fanteka ne, amma a kan zinariya. Ana daka gilas mai launi ya zama gari, a yi ta wanke shi har ruwan ya fita garau, domin ƙurar da ta saura ita ke dishe launi. Sai a karce jikin zinariyar da ɗan ƙarfe mai tsini don gilas ya sami wurin kamawa, a kwaɓa garin da ruwa da ɗan ƙaro, a shafa siriri, a bar shi ya bushe sarai. In da sauran danshi, yana shiga wuta zai tafasa ya yi ƙuraje. Zafin da ake nema wajen digiri 800 ne na 'yan mintoci, zinariya tsantsa kuwa tana narkewa a 1,064. Tazarar kamar da yawa, amma mahaɗar da aka liƙe hannu da kafaɗa tana narkewa ƙasa da haka, kuma a zamanin babu ma'aunin da zai auna irin wannan zafi. Da ido ake karanta jan wutar.

Kowane launi da zafinsa. Mai taurin narkewa shi ake fara gasawa, mai saurin ƙonewa kamar ja a bar shi ƙarshe, don haka ɗan mutum-mutumi guda yakan koma wuta sau da dama. Ƙarfe da gilas kuma ba sa tsukewa daidai in suna hucewa. Shi ya sa ake shafe bayan faranti ma, in ba haka ba ya lanƙwashe gilas ya tsage, kuma ba a fito da shi cikin iska mai sanyi kai tsaye. Duwatsu sai an gama da wuta ake dasa su, don zumurrudu ba ya jure zafi.

A ganina kayan shan gahawa na zinariya da Dinglinger ya gama a 1701 sun fi nuna gwanintar gidan. An shafe kofunan har suka yi kama da tangaran ɗin Sin, tun masana'antar tangaran ta Meissen a Saksoni ba ta fara yin nata ba a 1710. Zinariya ce aka ɓoye a ƙarƙashin gilas don ta yi kama da yumɓu, saboda irin tsadar tangaran a lokacin.

Sunansa ya kai inda Sarkin Rasha Bitrus Mai Girma ya sauka a gidansa a 1712. Ya rasu a Dresden a 1731, aikinsa na ƙarshe kuwa shi ne bagadin Apis, bijimin da Misirawan dā suke bauta wa. Ayyukansa suna Grünes Gewölbe, taskar fadar Dresden, inda masu ziyara ke ganinsu har yau.