Ma'anar "early access" a gem, da dalilin da ya sa kuɗin wata na cloud ba ya buɗe maka shi

Wannan kalma ta early access tana rikita mutane saboda abu biyu ne suke amsa suna ɗaya. Na farko shi ne gem ɗin da ba a gama haɗawa ba a sake shi haka nan mutane su saya suna bugawa ana gyarawa, irin yadda Baldur's Gate 3 ya zauna a Steam, shagon sayar da gem ɗin kwamfuta ta intanet, tun Oktoban 2020 sai Agustan 2023 ya fito cikakke. Ba wannan nake nufi ba. Wanda nake magana a kai shi ne gem an gama shi tsaf, an sa ranar fitowa, sai kamfani ya ce duk wanda ya ƙara kuɗi ya sayi babban bugu, wato Premium Edition, za a buɗe masa ƙofa kwana uku ko biyar kafin sauran jama'a. Steam ma da suka ga rikicin sunan ya yi yawa sai suka raɗa wa wannan ɗin Advanced Access.

To ina cloud ya shigo? Shi cloud gaming ai haya kake yi, injin yana can wata ƙasa a ɗakin sabar kamfani, shi ke buga gem ɗin ya turo maka hoton ta intanet kai kuma kana danne-danne a waya ko laftof. Kuɗin watan da kake biya na hayar injin ne, a wani tsarin kamar Game Pass Ultimate na Xbox, wato sashen gem na kamfanin Microsoft, har da tarin gem a ciki, amma fa ƙaramin bugu suke ba ka, kuma ranar da kowa zai samu kai ma za ka samu.

Gem ɗin Starfield ne ya buɗe wa mutane ido a 2023. Ranar fitowa 6 ga Satumba, masu Premium suka shiga tun 1 ga wata. Ƙaramin bugu dala 70, babba dala 100, wanda yake da Game Pass kuma aka ce ya ƙara wajen dala 35 a ɗaga shi zuwa babban. To ka ga mutum ba shi da Xbox ba shi da kwamfuta mai ƙarfi, da cloud kawai ya dogara, ya cire dala 35 ɗin nan ya biya yana ta murna, ya haɗa kwantirola da waya ya buɗe manhajar ya duba sama ya duba ƙasa babu Starfield, domin ba a ɗora shi a Xbox Cloud Gaming ba sai ranar 6 ɗin. Kwana biyar ɗin da ya saya sun wuce yana kallon wasu a YouTube. Sauran kayan kam ya samu, irin ƙarin labarin Shattered Space da ya zo daga baya, amma abin da ya sa shi gaggawar biya ya tafi.

GeForce Now na Nvidia nasu tsarin daban ne, su inji kawai suke ba ka haya, gem ɗin naka ne da ka saya a Steam ko Epic ko shagon Xbox. Nan ma dai sai sun ɗora shi a sabarsu tukuna, wani su ɗora tun kwanakin masu babban bugu wani kuma sai an jima. Daga Nuwamban 2024 Xbox suka fara barin mutum ya buga gem ɗin da ya saya da kansa ta cloud, shi ma zaɓaɓɓu ne ba kowanne ba.

Ni dai a ganina sayar da haƙuri ake yi, ranar masu Premium ita ce ainihin ranar fitowa, sauran mu an ɗan tsare mu ne a bakin ƙofa. Wani abu kuma, tun 2024 awannin da ka buga a kwanakin Advanced Access ɗin Steam na lissafa su cikin awa biyun nan da in ka wuce ba a mayar maka da kuɗinka.