Waiwaye: Daga Akwatin Kati Zuwa Rumbun Littattafan Yara

A zangon da ya wuce wata ɗaliba mai gwajin koyarwa a wata firamare da ke unguwar Rikkos a Jos ta same ni a laburare. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, an ba ni 'yan aji biyu, kuma an ce in riƙa karanta musu labari. Wane littafi zan ɗauka?" Na tambaye ta waɗanne ta sani. Ta ce Magana Jari Ce, ta yi shiru. Littafi ne da ba ya tsufa, amma ɗan shekara bakwai da ke haɗa baƙi da wasali ba da shi zai fara ba. Tambayar tata ta daɗe tana damuna, don na san ba laifinta ba ne. Abin yana da asali.

Rubuta wa yaran Hausawa littafin boko aiki ne da ya kankama a Zariya. Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar rubuta littattafan labari a 1933, sannan a ƙarshen shekarun 1930 Abubakar Imam ya fito da Magana Jari Ce mai juzu'i uku domin karatun makaranta. Kamfanin Gaskiya ya zo a 1945, hukumar adabin Arewa, wato NORLA, ta yi zamaninta a shekarun 1950, kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, ya karɓa a 1966. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi da wasannin yara ya mai da su littattafai. A wancan lokaci malami ba ya wahalar nema, domin ƙofa kusan ɗaya ce: abin da aka buga a Zariya da 'yan kamfanonin Ibadan, shi hukumar ilimi ke rabawa, shi ke cikin kabad ɗin hedimasta.

Wannan ƙofa ta ƙuntata a shekarun 1980. Darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma buga littattafan jarrabawa. Marubutan Kano sun cike giɓin matasa da manya, amma yara ƙanana aka bar su a baya. Waɗanda suka ci gaba da rubuta musu, da kuɗinsu suke bugawa, kwafi kaɗan, a sayar a makarantu biyu ko uku, shi ke nan. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mawallafi ya miƙa kwafi uku na duk abin da ya buga, sai dai ƙananan mawallafa da yawa ba su ma san da ita ba. Littafin da ba a rubuta sunansa a ko'ina ba kuwa, ko yana nan kamar babu shi ne.

A ɓangaren horo ma an yi rabuwar kai. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin laburare a 1968, kuma manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa. Amma ɗalibin laburare ya fi ƙwarewa a lambar Dewey ta jera littattafai da cika katin littafi, ɗalibin malanta kuma a tsara darasi. Wanda zai ce wannan labari ya dace da 'yan aji biyu, wancan sai 'yan aji biyar, ya yi ƙaranci a tsakaninsu. Ni kaina da akwatin kati na koyi aiki, kuma katin ba ya faɗa maka komai sai suna, mawallafi, shekara da yawan shafi.

Nan ne rumbun bayanai ya kawo sabon abu. A Amurka an kafa CLCD a 1999, rumbun da ke tattara sharhin masana kan littattafan yara tare da shekarun da suka dace, matakin karatu da lambobin yabo. Kwalejojin horar da malamai da ma'aikatan laburare suna ba ɗalibi aiki da shi: nemo littattafai a kan jigo kaza don yara masu shekara kaza, karanta abin da masu sharhi suka ce, sannan ka kare zaɓinka. Darasin shi ne iya zaɓe. Sai dai rumbun na biyan kuɗi ne da dala, kuma littattafan Ingilishi suka cika shi.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne African Storybook, da ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta ƙaddamar a 2014. Kyauta ne, akwai Hausa a ciki, an kasa labaran mataki biyar, daga kalmomin farko zuwa waɗanda babba zai karanta wa yaro. Ana saukewa, a buga, har a fassara. StoryWeaver ta Indiya ta biyo baya a 2015. Ba duk abin da ke ciki ne zinariya ba. Na ga fassarar da aka rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa", na ga jimlar da Bahaushe ba zai taɓa furtawa ba. A ganina wannan ma kayan darasi ne: a sa ɗalibi ya karanta da ƙarfi, ya gano inda harshe ya karye, ya gyara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne namu na gida. Shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato ya samar da littattafan koyon karatu da Hausa, amma malamin da ke Gangare ko Anguwar Rogo da wuya ya san inda zai same su. Mu a Jos mun ga yadda takarda ke salwanta sa'ad da gobara ta ci laburaren Jami'ar Jos a Naraguta a watan Oktoba na 2016. Ga kuma yaran Berom, Ngas, Tarok da Mwaghavul da ke zama aji ɗaya da namu, waɗanda littattafansu suka fi namu ƙaranci da ɓuya. Saboda haka nake ganin bai isa a koya wa ɗaliban malanta na Jos, Pankshin da Gindiri shiga rumbun wasu ba. A sa kowane ɗalibi, kafin ya gama, ya nemo littattafan yara goma a harsunan Filato, ya rubuta sunansu, ajin da suka dace da shi, sharhi gajere da inda ake samunsu. Takardar lissafi ta kwamfuta ta isa a fara.

Ita dai waccan ɗaliba, a wayarta muka zauna muka zaɓi labarai huɗu na mataki na biyu. Ta jefar da ɗaya saboda Hausarsa ba ta yi mata ba, ta kai ukun shagon kwafi a Bauchi Road, aka buga mata aka ɗinke. Bayan mako biyu ta dawo da su gefensu duk ya lanƙwashe, ta ce yaran suna neman na kura.