Yadda ake lissafin saurin tashin ƙurar da ta riga ta kwanta

Me ake aunawa a nan?

Ƙurar da ta kwanta a daɓe, tabarma ko kafet takan koma iska da zarar an taka, an yi shara ko iska ta kaɗa. Abin da ake nema shi ne kason da ke tashi cikin awa ɗaya. Idan murabba'in mita ɗaya na ɗauke da giram ɗaya na ƙura, kuma miligiram ɗaya ke tashi a awa, saurin tashin 0.001 ne a awa. Wato a raba abin da ke tashi da abin da ke kwance.

Ta yaya za a san abin da ya tashi, tunda ba a iya kama shi a ƙasa?

Daga iskar ɗakin ake gane shi. A fara da nauyin ƙurar ƙasa: a shata murabba'in mita ɗaya, a zuƙe ƙurarsa da injin shara mai takardar tacewa, a auna takardar a sikeli kafin da bayan zuƙa. Sai a kunna na'urar auna ƙurar iska a tsayin mita ɗaya, a ɗauki ma'auni babu kowa a ɗakin, a sake ɗauka ana tafiya ciki har ma'aunin ya tsaya wuri ɗaya. Bambancin biyun shi ne ƙurar da taku ya tayar. Saura abu biyu: sau nawa iskar ɗakin ke sauyawa a awa, da saurin sake kwanciyar ƙurar. Ana samun jimillarsu daga yadda ma'aunin ke sauka bayan kowa ya fita.

A ba da misali da alƙaluma.

Ɗaki mai mita 4 sau 4, tsayi mita 3, girmansa kubik mita 48, faɗin ƙasansa murabba'in mita 16. A ce ƙura mai laushi a ƙasa rabin giram ce a kowane murabba'in mita, wato maikurogiram 500,000. Taku ya ƙara maikurogiram 100 a kowane kubik mita. Sauyin iska 1 a awa, sake kwanciya 1 a awa, jimilla 2. Abin da ke barin iska a awa: 2 × 48 × 100 = 9,600. Tunda ma'aunin ya tsaya, haka nan ne adadin da ke tashi. Abin da ke kwance: 500,000 × 16 = 8,000,000. A raba, a sami 0.0012 a awa.

Ƙura mafi laushi ce ta fi saurin tashi?

A'a, nan ne da yawa ke kuskure. Tun 1941 masanin yashin hamada Ralph Bagnold ya nuna cewa iska ta fi sauƙin ɗaga ƙwayoyi masu girman maikuromita 80 zuwa 100 (maikuromita dubu ne milimita ɗaya). Waɗanda ba su kai maikuromita 10 ba suna manne wa juna da ƙasa, sai yashi mai tsalle ya buge su ko ƙafa ta murje su sannan su tashi. Haka ƙurar kwarin Bodele na Chadi ke tashi ta zama hazon hunturu. Saboda haka kowane girma a lissafa nasa daban.

Me ke ɓata lissafin?

A lokacin hunturu ƙurar waje na shigowa ta taga, in ba a cire ta ba amsar za ta kumbura. Na'urori masu aiki da haske suna ƙara ma'auni idan akwai laima. Danshi kuma na manne ƙura da ƙasa, shi ya sa yayyafa ruwa kafin shara ke aiki, kuma ma'aunin da aka ɗauka da damina ba shi da amfani a lokacin rani. Saurin ma raguwa yake da lokaci, domin sakakkun ƙwayoyi ne ke fara tafiya.

Ina amfaninsa?

Inda ƙurar ke ɗauke da guba. A Zamfara a 2010, niƙa duwatsun zinare cikin gidaje ya bar gubar dalma a tsakar gida, yara fiye da 400 suka mutu. Suna haɗiyar ƙurar daga hannu, suna kuma shaƙar ta. Idan aka ninka ƙurar da ta tashi da yawan dalmar da ke cikin kowane giram, za a san yawan dalmar da ke shiga iskar da ake shaƙa. A ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, kankare ƙasar sama aka yi, aka zuba sabuwa mai tsabta.