Jikan Sarauniya Ba Shi Ne Makashin Whitechapel Ba

An daɗe ana yaɗa cewa Yarima Albert Victor, jikan Sarauniya Victoria, shi ne "Jack the Ripper" da ya yi wa mata kisan gilla a unguwar Whitechapel ta Landan a 1888, wai fada ta rufa masa asiri. Ba haka ba ne. Zancen bai ɓulla ba sai a shekarun 1960. Ranar 30 ga Satumba da aka kashe Elizabeth Stride da Catherine Eddowes, yariman yana can Sukotland.

'Yan sanda sun zargi Aaron Kosminski mai aski da lauya Montague Druitt, amma ba a gurfanar da kowa kan kisan ba.

Labarin Eddowes ke ci mini rai: ƙarfe 1 na dare 'yan sanda suka sallame ta bayan sun tsare ta saboda maye, kafin ƙarfe 2 an tsinci gawarta.