Zaren Kabon

Zaren kabon wani siririn zare ne baƙi wanda fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsa sinadarin kabon ne. Kaurin sili ɗaya mikromita 5 zuwa 10 ne, bai kai silin gashin mutum ba, shi ya sa ake haɗa dubbai a damƙi guda, a saƙa su kamar tabarma, sannan a jiƙa da danƙon epoksi ya daskare.

Yawancinsa daga wani zaren roba mai suna PAN ake yin sa. Ana fara gasa shi a zafin digiri 200 zuwa 300 na ma'aunin Celsius, sannan a kai shi sama da digiri 1,000 a tanderun da babu iskar oksijin. Roger Bacon ne ya samar da mai ƙarfin gaske a Amurka a 1958, Akio Shindo na Japan kuma ya buɗe hanyar amfani da PAN.

Darajarsa tana ga rashin nauyi. Curin ƙarfe mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri giram 7.8 ne, na alminiyum 2.7, na zaren kabon kuwa wajen 1.8, ga shi ya fi ƙarfen gini jure ja, ba ya tsatsa, zafi ba ya sa shi buɗewa sosai. Kusan rabin nauyin jikin jirgin Boeing 787 irin wannan haɗi ne na zare da danƙo.

Sai dai ƙarfin nan a tsawon zaren yake. Ta gefe danƙon ne kawai ke riƙe da shi. Don haka ake jera shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace da inda ta fuskanta. Nan ne ƙwarewar take. Rodi yakan lanƙwashe kafin ya karye, zaren kabon kuwa ɓallewa yake yi farat ɗaya, kuma duka kan raba shimfiɗun ta ciki alhali waje sumul. Mai walda ba ya iya gyara shi.

Ga magina a Gombe da Bauchi, inda kankare da rodi ke riƙe da gini, amfaninsa mafi kusa shi ne ƙarfafa tsohon gini. Ana goge ginshiƙin, a shafa epoksi, a naɗe shi da ƙyallen zaren kabon, ba tare da an ƙara wa tushe nauyi ba. Wannan aikin injiniya ne, domin gobara na sassauta danƙon, kuma zaren na ɗaukar lantarki. Yana da tsada. Leda mai zanen saƙarsa da ake mannawa a jikin babura da motoci kuwa ado ce kawai.