Mayar da ma'adinai ga haƙoran tsofaffi

Mayar da ma'adinai ga haƙori hanya ce ta tsayar da ruɓewa tun kafin rami ya buɗe. Inamel, wato ɓawon da ya lulluɓe haƙori, kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adinai ne, galibi kalsiyam da fosfet. Ƙwayoyin cutar baki kan ci sukari su fitar da asid, kuma da zarar ma'aunin pH, wato ma'aunin ƙarfin asid, ya sauka ƙasa da 5.5 sai ɓawon ya fara narkewa. Alamar farko farin tabo ne kamar alli a bakin dasashi, babu zafi. A wannan mataki ana iya ceto haƙorin. In rami ya buɗe, galibi sai ciko.

Tarihi

Wajen 1901 wani likitan haƙori, Frederick McKay, ya lura da cewa mutanen Colorado Springs a Amurka na da haƙora masu tabo ruwan ƙasa, amma ba kasafai suke ruɓewa ba. Sai a 1931 aka gano filorayid, wani sinadari da ke ruwan shansu, shi ne sanadi. Binciken wani likitan haƙori, H. Trendley Dean, ya nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana kare haƙori ba tare da ɓata kamanninsa sosai ba, har birnin Grand Rapids na Amurka ya fara zuba shi a ruwan famfo a 1945. An daɗe ana zaton amfaninsa a haɗiye yake, daga baya aka fahimci cewa yawancin aikinsa a kan haƙorin yake yi.

A jikin tsofaffi

Miyau ne ke mayar da kalsiyam ga haƙori, shi kuwa tsoho sau da yawa bakinsa a bushe yake saboda magunguna, irin su na hawan jini. Ga dasashi yana ja baya yana fallasa saiwa, wadda ta fi inamel saurin narkewa.

Magunguna

Man goge baki na yau da kullum yana ɗauke da filorayid kashi 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan. Likita kan rubuta mai 5,000 ga wanda haɗarinsa ya yi yawa, ko ya shafa masa wani magani mai 22,600 a haƙori da ɗan buroshi. Silba dayamin filorayid, wani ruwan magani da Japan ta fara amfani da shi wajen 1970, yana tsayar da ruɓewar saiwa amma yana baƙanta wurin, don haka ya kamata a gaya wa majiyyaci tun kafin a shafa.

Akwai kuma wani sinadari mai suna Recaldent, da aka samo daga furotin ɗin madara a Jami'ar Melbourne. Masana sun saɓa a kan ko yana ƙara wani abu a kan filorayid.